Tubali Ba Ya Gajiya a Hanya

Jiya muna ginin wata katanga a bayan kasuwar Gaya sai ga ku ku uku, 'yan sakandare, an yi hutu, kowa da littafi a hammata. Na ji ɗayanku yana cewa lissafin jifa da ake koya muku a makaranta ai banza ne, lamba kawai za ka sa a gurbinta amsa ta fito. Na biyun ya nuna Garba, mai cillo min tubali, ya ce wannan kuwa ko jaki zai iya da yana da hannu. Ina kan bango, hannuna duk laka, kafin in sauko kun sha kwana. Maganar ta tsaya min a wuya, shi ya sa na nemo takarda. Ku zauna ku ji, don abu biyun nan da kuka raina abu ɗaya ne, kuma ni na biya kuɗin saninsa da tafin hannuna.

Sunana Sabo. Aji bakwai na gama a nan Gaya, daga nan ban sake shiga aji ba. Aka miƙa ni ga Kawu Ilu, ƙanen innata, magini. Shekara biyu cur ban taɓa jifa ba. Kududdufi aka tura ni da diga da kwando. Ka haƙo ƙasa, ka zuba ruwa da garwa, ka watsa ciyawa, ka shiga da ƙafa ka yi ta cuɗawa har cinyarka ta daina jin maganarka. A bar ta ta kwana biyu ta jiƙu, a sake cuɗawa. Sannan ka cura tubali da hannu, gindi faffaɗa, kai da ɗan tsini, ka jera a rana. In Kawu ya zo ya ɗaga guda ya ji bai yi masa ba, ba ya faɗa. Sakin shi yake a kan ɗan yatsan ƙafarka, ya wuce.

Wanda bai taɓa lura ba, ga yadda ake yi. Magini yana hawa bango ya zauna kamar a kan jaki, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana jera tubali yana ja da baya. Ba abin da ya riƙe. Kai kana ƙasa, kana cilla masa tubali ɗaya ɗaya, da curin laka, yana cafewa da hannu biyu. In ka yi sanyi tubali ya dawo ya fashe. In ka yi zafi ka fasa masa hannu, ko ka tunkuɗo shi. Aikinka ke nan, tubalin ya isa hannunsa a sanyaye kamar miƙa masa ka yi.

Kawu kuwa yana da doka, wadda ya ce daga babansa ya gada. Mai jifa ba ya tsayawa a gindin bango. Ya ja baya, wai don hanya ta yi tsawo, tubali ya gaji kafin ya iso. Kullum maganarsa ke nan: “Ja baya, bar shi ya gaji a hanya.” Ni ɗan siriri ne, daga nesa jifana ba ya kaiwa, sai in riƙa matsowa a ɓoye in ya sunkuya. Tubalina yana zuwa masa lafiya lau, shi kuma ya ce don ba na cin abinci ne.

Wani aiki da ba na mantawa, gyaran rufin ɗakin wani malamin makaranta da aka yi wa canjin gari. Ya bar akwati a lungu, gara ta shiga ta yi biki. Mai gidan ya ce a zubar. Ina zubarwa na ga wani littafi ba bango, ba farko, ba ƙarshe, tsakiyar ce kawai gara ta ƙi. Na buɗe sai ga hoton wani mutum a kan gini yana jefa dutse, an ja layi a lanƙwashe har ƙasa. Na ce wannan ai ɗan'uwanmu ne. Na cusa a riga.

Wata wajen shida na yi a kan shafi huɗu. Turancin aji bakwai ne da ni, wata kalmar sai in tare yaran da suka dawo hutu irinku, su faɗa min suna dariya. Daga baya na ji sunan abin fiziks. Ba takarda, to a ƙasa nake yi da tsinke in an tashi cin abinci, wani lokaci a jikin ɗanyen yaɓe da yatsa. Har wata tsohuwa da muka yi wa ɗaki ta ga lambobin a bangonta ta ɗauka hatimi ne, ta hana a shafe, ta aiko min da fura ta ce in ƙara mata wani a ɗakin awaki. Na ƙara mata. Ta ce tun daga nan ko akuya ɗaya ba ta ɓata ba. Kawu dai daga ranar ya sa min Malam Boko.

To ga abin da shafin nan ya ce, da bakina ba da na littafi ba. Duk abin da ka cilla sama, ƙasa tana janyo shi tana rage masa gudu. Amma ba ruwanta da tsawon hanyar da ya bi, tsayin da ya hau kawai ta sani. Ka ɗauki gudun da ya bar hannunka da shi, ƙafa nawa a sakan, ka buga shi sau kansa. Ka ɗauki tsayin da ya hau, ka buga sau sittin da huɗu, ka ɗebe daga na farko. Abin da ya rage, ka nemo lambar da in an buga ta sau kanta za ta ba ka shi. Gudun da zai isa da shi ke nan. Sittin da huɗun nan biyun talatin da biyu ce, gudun da ƙasa take ƙara wa abu mai faɗowa duk sakan. Ku an koma da ku mita, lambarku daban, amma tuwon ɗaya ne.

Ku gwada. A ce daga hannuna zuwa hannun magini ƙafa tara ne. Tara sau sittin da huɗu, ɗari biyar da saba'in da shida. In na cilla da gudun ashirin da huɗu, shi ma sau kansa ɗari biyar da saba'in da shida ne, ba abin da ya rage, tubali ya isa ya tsaya cak. In na cilla da ashirin da biyar, ɗari shida da ashirin da biyar, a ɗebe, saura arba'in da tara, ya isa da bakwai. In wani ƙato ya cilla da talatin, ɗari tara, a ɗebe, saura ɗari uku da ashirin da huɗu, ya isa da goma sha takwas. Kun gani? A wajen mai jifa ɗan ƙari ne, biyar kacal. A hannun magini ya fi ninki biyu. Ba ni da abin auna gudun hannu, kar ku ce na ce, amma hannuna ya shaida lambobin nan ba ƙarya suke ba.

Kuma ku duba lissafin daga sama har ƙasa, ina aka ce doguwar hanya tana rage wani abu? Babu. Hasali ma in ka ja baya dole ka ƙara ƙarfi don ya ci nisan, kuma gudun da yake tafiya gaba da shi ƙasa ba ta taɓa shi. Iska kuwa me za ta yi wa tubali? Da gudun gaban nan duka zai isa hannun magini. Ranar da na gane haka na tashi na zagaya bishiya sau biyu. Dokar Kawu a juye take. Na je zan faɗa masa, ina cewa “Kawu, littafin nan,” ya ce in littafin ya iya cuɗa ƙasa in turo shi gobe ni in huta. Na haɗiye maganata. Shekara uku tana cikina.

Sai shekarar fari ta zo. Kududdufi ya bushe har ya tsattsage, gero ya tsaya a gwiwa, gyaɗa kuwa ba a maganarta. Wa zai yi gini? Aiki ɗaya tak muka samu, a Ajingi, zauren Alhaji Bukar, ɗan kasuwa, kakanninsa daga Barno suka zo tun da daɗewa. Yana da hatsi a rumbu. Sharaɗinsa kwanon tuwo rana da yamma, da mudun gero duk Juma'a, kuma mutum biyu zai ciyar, magini da mai jifa. Mudun nan nawa shi nake aika wa innata Gaya, da shi ake ɗora tukunya a gidanmu.

Tubalin shekarar nan abin tausayi ne. Ruwa a jaki ake kawo shi daga rijiya mai nisa, ciyawa kuwa dabbobi sun riga mu. Tubali ba ciyawa, ruwa kaɗan, ka kalle shi da ƙarfi ma sai ya tsage. Ni kuma sai wayo ya ci ni. Na ce bari in riƙa cillawa daidai wa daida, ashirin da huɗun nan, ya isa ya tsaya cak a hannun Kawu. Ga yunwa. Da bango ya yi tsawo sai hannuna ya riƙa gazawa da ɗan kaɗan. Tubali ya je kamar zai gaisa da yatsun Kawu, ya fasa, ya dawo ƙasa ya watse. Ranar Lahadi guda huɗu suka yi haka a gaban Alhaji.

Litinin da safe na tarar da wani ƙato a tsaye a wurina. Garba ke nan, ɗan kokawa daga Gafasa, wuyansa kamar turmi. Mutum mai sanyin hali, har ya gaishe ni da hannu biyu.

Kawu ya ce, “Malam Boko, ka koma sauke ruwa. Zuwa Juma'a mu gani. Alhaji dai biyu ya ce, ka sani.”

Na sani. Juma'a in ta zo, ko ni ko Garba, ɗaya zai ɗaure tabarma ya nufi Kano cin rani, mudu kuma ya bi wanda ya zauna.

Garba ya tsaya kamar taku huɗu ya saki na farko. Ƙarar da ya yi a tafin Kawu har jakin ruwa ya ɗaga kunne. Kawu ya yarfa hannu ya ce, “Sarkin ƙarfi, ja baya kaɗan, bar shi ya gaji.” Garba ya ja. Da ya ga nisa ya ƙaru sai ya ƙara ƙarfi, ai dole. Na biyun a hannun Kawu ya ruguje, ƙura ta rufe masa gemu.

Ina tsaye da garwa a kai. Allah ya sani na san abin da ya kamata in faɗa. Sai na ji bakina yana cewa, “Kawu, anya ya ja sosai kuwa? Ƙarfin bawan Allahn nan, wannan 'yar hanyar ba za ta gajiyar da tubalinsa ba.”

Kawu ya dube ni ya ce, “Ka ji. Yau boko ya yi rana. Garba, ƙara taku biyu.”

Daga ranar na ɗauki nauyin taimaka wa Garba. Kullum da sassafe in zo in ja masa layi a ƙasa da dunduniya, in ce nan ne wurin tsayawarka, kada Kawu ya yi faɗa. Kullum layin yana ƙara taku ɗaya. Ran Laraba Garba ya kusa jingina da dangar maƙwabta, kaji suna bi ta ƙafarsa. Sai ya ja numfashi, ya murɗa jiki kamar zai kayar da abokin kokawa, sannan ya saki. Kawu kuwa in ya hango tubali tafe sai ya runtse ido. Rabi ya cafe, rabi ya watse. Ɓaraguzai suka taru a gindin bango.

Alhaji Bukar ya fito da carbi ya tsaya yana kallo. Ya ce, “Ilu, zaure na ce ka yi min ko juji? Ka san jaki nawa ne ruwan da ke kwance a nan?”

Kawu ya ce, “Ƙasar bana ce, Alhaji. Ba ta da rai.”

Ran Alhamis da azahar Kawu ya kasa riƙe buta. Tafinsa ya kumbura, yatsu sun yi suntum, Garba ne ya zuba masa ruwan alwala. Bayan salla muna gindin ɗorawa, an shafa masa man kaɗanya an naɗe da tsumma. Garba duk ya damu. Ya ce, “Baba, wallahi ban san me nake yi ba daidai ba. Ko taku ɗaya ban taɓa tsallake layin ba. Tambayi Sabo, shi yake wahala kullum yana ja min. Yaron kirki.”

Kawu ya dube ni. Ya tashi ya je ya tsaya yana kallon ƙasa. Layukan duk suna nan a jere, na Talata, na Laraba, na yau, kamar kunyar gona. Ya dawo ya zauna a hankali.

Ya ce, “Sabo.” Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. “Littafin nan naka da gara ta rage. Me ya ce a kan tubali?”

Da na yi shiru da na tsira. Amma shekara uku ina jiran mutum ɗaya a duniya ya yi min tambayar nan. Na share ƙasa da tafi, na karyo tsinke. Na zana bango, na zana Kawu a sama har da hularsa. Na yi ashirin da biyar, na yi talatin, na fitar da bakwai da goma sha takwas. Na nuna masa yadda ja da baya yake ƙara wa tubali zafi. Har na miƙe tsaye ina kwatantawa da hannu, ina cewa ka gani Kawu, ba ya gajiya, ƙarya ne, tsayi ne kawai yake cin gudunsa. Sai da na kai ƙarshe na lura ba wanda yake motsi.

Kawu ya ce, “Madalla. Tun yaushe ka san wannan?”

Na ce, “An ɗan jima.”

“Ran Litinin ka sani?”

Na dubi tsinken hannuna.

“Da kake ja masa layi ka sani?”

Garba ya dube ni, ya dubi layukan, bakinsa a buɗe. Ya ce, “Kai ƙanena. Ashe haka kake?”

Kawu ya nuna bango da haɓa, don hannu ba ya ɗaguwa. Ya ce, “Hau.”

Shekara nawa ina mafarkin ranar da za a ce min hau. Ban taɓa zaton a haka zan taka tsanin ba. Na zauna a kan bango, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Daga can sama Garba ya yi min nisa kamar yana wani gari.

Kawu ya gyara zama a inuwa ya ce, “Garba, koma kan layin yau. Wanda malam ya ja maka da kansa.”

Na farko da ya zo, na ji shi har cikin haƙorina. Goma sha takwas ɗin da nake rubutawa a ƙasa ina murmushi, ashe haka take. Wannan ma ya fi. Na biyu ya fashe ya cika min baki da ƙasa.

Na ce, “Yaya Garba, don Allah matso.”

Ya ce, “Ai kai ka ce kada in tsallake, Baba zai yi faɗa.”

“Kawu, ka yi wa Allah.”

Kawu ya ce, “Ni kwana huɗu na sha. Kai biyar kawai za ka karɓa, don kai ɗan 'yar'uwata ne. Saura uku.”

Na karɓe su. Da aka cika biyar Kawu ya ce, “To malam, ga ɗalibi nan. Koya masa. In ka koyar da kyau hannunka ya huta.”

Ban taɓa jin malamin da ya so ɗalibinsa ya gane kamar yadda na so ranar ba. Lamba ba ta da amfani a wajen Garba, na bar ta. Na ce ya zo taku biyu daga gindin bango. Na ce kada ya jefe ni, ya ɗauka akwai faifai a saman hannuna da taƙi ɗaya, ɗora tubalin zai yi a kai. Taƙi ɗayan nan shi ne bakwai ɗin, shi ne abin da na hana kaina ran Lahadi har tubalina ya riƙa dawowa. Na farko ya wuce kaina ya faɗa cikin zaure. Na uku ya zo daidai fuskata ya ɗan dakata, kamar yana sallama, na ɗauke shi da yatsu. Garba ya yi dariya ya ce, “Au, ashe aikin ba ƙarfi a ciki.” Na ce akwai, riƙe shi ake yi. Har la'asar tubali ɗaya bai sake fashewa ba. Kawu yana ƙasa yana min tsawa a kan jeri, nan ya karkace, can laka ta yi yawa.

Juma'a da safe Alhaji ya fito da mudu a hannu. Ya ce, “To Ilu, wa zai tafi?”

Kawu ya ce, “Biyu ka ce, Alhaji. Ga magini a sama, ga mai jifa a ƙasa. Ni hannuna ya tashi aiki, zama zan yi in riƙa duba musu.”

“Kai kuma wa zai ciyar da kai?”

“Malam Boko. Mudunsa ya tafi wa uwarsa, ba ruwana da shi. Kwanon tuwonsa dai tare za mu ci har in warke. Shi zai riƙa yanko min loma ma, tunda ba hannu.”

Alhaji ya dube ni a kan bango, ya dubi tsumman, ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Ya auna mudu biyu.

Hannun Kawu kwana bakwai ya yi ya warke. Na sani, don na gan shi a bayan rumbu yana ɓare gyaɗa da yatsunsa. Tsumman dai bai kwance ba sai ranar da aka ɗora azara, kuma duk tsawon lokacin nan in na yanko loma ƙarama sai ya ce in ja baya in sake. Har yau bai taɓa cewa littafi ya yi gaskiya ba. Amma in ya ga sabon mai jifa sai ka ji yana cewa, “Matso kusa, tubali ba ya gajiya a hanya. Haka babana ya koya min.”

To ku ukun nan, gobe muna wurin tun da hantsi, bangon ya kai ƙafa tara daga hannun Garba. Ku zo da littafinku da mitocinku ku fitar min da gudun da tubali zai isa da shi. Wanda ya ce lissafin banza ne shi zai fara hawa ya karɓi amsarsa da hannu. Wanda ya yi maganar jaki kuwa na faɗa wa Garba, ya ce ba komai, yana gaishe shi. Layin da zai tsaya ni zan ja.